Kafin Ku Biya Kuɗin Ɗaki

'Ya'yana na Wurno da Rabah da Goronyo, tafiya ta zo muku da sauƙin da ba ta zo wa iyayenku da shi ba. Wanda kakansa ya yi wata da watanni yana bin jaki kafin ya ga Gwanja, yau yana zaune a rumfar mai shayi yana latsa waya, sai ga ɗakin kwana a wani tsibiri cikin Tekun Indiya, da gadonsa da labulensa da kuɗinsa na dare ɗaya. Na san yawancinku ba can kuka nufa ba. Tafiyarku ta neman abinci ce: ku bi motar albasa zuwa Ikko, ko ku tafi karatu, ko cin rani, ko Umra in Allah Ya hore. Amma akwai 'yan kaɗan daga cikinku, ma'aikata da 'yan kasuwar da hannunsu ya fara kamawa, waɗanda suka soma maganar zuwa Zanzibar hutawa, musamman bayan ɗaurin aure. Ban ga aibun hutu ba in da halaliyar mutum ya yi shi, ba tare da ya ci bashi ko ya taɓa rumbun iyali ba. Maganata a kan masauki ce, domin na lura ku ɗaki kuke zaɓa, mu kuwa mutum aka koya mana mu zaɓa.

Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro ba su san otal ba. In ayari ya isa zango, kowane falke yana da maigidansa, wanda a wasu wurare ake ce wa fatoma. Shi zai ba ka wurin kwana, matarsa ta dafa maka abinci, ya ajiye maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in za a ɗauki kayanka bashi. In ka kwanta ciwo shi ne mai jinya, in rigima ta taso shi zai tafi da kai gaban sarkin zango, in ta Allah ta kasance shi zai yi maka sutura ya aika gida. Ribarsa tana cikin la'ada, amma jarinsa sunansa ne, domin falke ɗaya in ya koma gida da labarin an ci amanarsa, ayarin baɗi kaf zai sauka a wani gidan. Haka aka yi a Kumasi, haka aka yi a Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, inda masu gidaje suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru. Ba wanda yake tambaya ko ɗakin yana da faɗi. Tambayar ita ce, a gidan wa ka sauka?

Garinmu ma ya san wannan. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, kuma har gobe baƙi suna zuwa ziyarar hubbarensa. A 1853 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya yi makonni a Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Da zai wuce Gwandu ya nufi Timbuktu, ya tafi ne da takardar da Sarkin Musulmi ya ba shi. Mutum ne shi kaɗai, ba danginsa ba addininsa, amma ana sane da ko baƙon wane ne.

To, yau otal ya maye gurbin fatoma a wurare da yawa, kuma ba za mu mayar da hannun agogo baya ba. Sai dai tambayoyin da falke yake yi ba su tsufa ba. Wa yake riƙe da wurin? Wa ya taɓa sauka daga cikin mutanen da na sani, me ya ce? In dare ya raba na kamu da zazzaɓi, wa zan buga wa ƙofa? Su waye maƙwabta?

Ku masu zuwa Ikko kun riga kun koyi rabin darasin. Wanda ya kai albasa ko tafarnuwa kasuwar Mil 12 ba zai je ya kama ɗaki a Idumota ba, domin Idumota a kan tsibiri take, kuma doguwar gadar da ke tsakani, mai kusan kilomita 12, tana iya cinye masa safiyar ciniki gaba ɗaya. Kusa da kayansa yake kwana, wurin mutanen da suka san maigidansa. Mai zuwa Umra ma ya san cewa otal mai kyau da ke nesa da Harami bai kai ƙaramin ɗakin da ake fita daga cikinsa a samu jam'i da ƙafa ba. Abin da ya kai ka, shi ke nuna maka unguwar da za ka sauka. Mai hutu ma sai ya fara tambayar kansa me ya fito nema: shiru, ko ganin gari da mutanensa, ko wanka a teku.

Bari in daɗe kaɗan a kan Zanzibar, tunda ita ce a bakinku. Yanki ne na Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a 1964, manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, mutanenta sun kusa miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, kuma kusan dukkansu Musulmi ne masu magana da Suwahili. Baƙi Unguja suka fi zuwa. A yammacinta tsohon birnin yake, wanda su ke kira Mji Mkongwe, birnin da sarakunan Oman suka mayar da shi mazauninsu a ƙarni na 19, lokacin da kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi suka tara masa dukiya. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa matsattsu ne, da yawansu mota ba ta shiga, ƙofofin gidajensa na katako ne da aka sassaƙa, masallatai kuwa ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ci karo da ɗaya ba. Wanda ya sauka a nan kiran salla ne zai tashe shi da asuba, kasuwar Darajani tana kusa, da dare ya taka zuwa Forodhani inda ake gasa kifi a bakin ruwa. Inda aka gina babban cocin garin, nan ne kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, kuma ina so duk ɗanmu da ya je ya tsaya a wurin ya yi tunani. Amma ku sani tsofaffin gidaje ne: wasu dogayen benaye ne masu tsayin matakala, wasu ɗakunan iska ba ta ratsa su. Mai tafiya da tsohuwa ko mace mai juna biyu ya tambayi hawa na nawa za a ba shi.

Hotunan farin yashi da kuke gani a waya ba na birnin ba ne. Na ƙauyukan bakin teku ne: Nungwi da Kendwa a can ƙarshen arewa, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota, da Paje da Jambiani a kudu maso gabas. A nan ne nake so ku yi amfani da abin da kuka taso da shi. Ku 'ya'yan bakin gulbi ne. Kun san filin da ake shanya hatsi a kansa da rani shi ne jirgi ke bi ta kansa a watan Agusta, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya kwararo ta wajen madatsar Goronyo ya ci garuruwa da gonaki, ba sa buƙatar a koya musu tambayar ina ruwa yake kaiwa. Teku ma tana cika tana janyewa, sai dai ita sau biyu take yi kowace rana. A gabashin Unguja in ta janye takan yi nisa ƙwarai, ta bar fili inda mata suke noman ciyawar teku, mai son wanka sai ya jira ta dawo. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta da yawa, shi ya sa baƙi suka fi cika can, kuɗi ya fi yawa, kiɗa da shaye-shaye ma suka fi yawa. Mai ɗaukar hoto lokacin da ruwa ya cika yake ɗauka, da rana tsaka, kuma hoto ba ya ɗauko ƙarar kiɗan da ake kwana ana yi a gidan da ke jikin katangarka. Daminarsu ma ba ta zo daidai da tamu ba: babban ruwa daga Maris zuwa Mayu yake sauka, lokacin da mu nan zafin bazara ke gasa mu. In kun ga ɗaki ya yi arha a watan Afrilu, to dalilin ke nan.

In za ku ji shawarata, ku raba kwanakinku. Ku fara da birni, a ƙaramin masaukin da iyali ke riƙe da shi, inda za ku ga fuskar mai wurin, ku gaisa, ya nuna muku masallaci da inda ake sayar da abinci mai tsabta. Daga bakinsa za ku ji wane ƙauyen bakin teku ne zai dace da ku, kuma sau da yawa shi zai haɗa ku da direban da ya yarda da shi. Manyan otal-otal masu katanga, inda ake haɗa kuɗin kwana da ci da sha a dunƙule, suna da daɗinsu ga mai son ya rufe ƙofa ya huta. Amma a cikin kuɗin nan har da na giyar da ba za ku sha ba, kuma mutum zai iya yin mako guda a ciki ya dawo bai gaisa da ɗan gari ko ɗaya ba in ban da mai share masa ɗaki. Ni a ganina wannan asarar tafiya ce.

Ɗana, in da amaryarka za ka tafi, ka zauna da ita ku zaɓa tare. Abin da kai ba za ka lura da shi ba ita shi za ta fara gani: ko tagar ɗakin tana kallon inda maza ke zama, ko banɗaki a ciki yake, ko akwai inda za ta sa ƙafa a ruwa ba tare da idanu sun yi mata yawa ba. Tambayar waɗannan kafin a biya ba ƙauyanci ba ne, haƙƙinta ne a kanka. Ka tambayi gidan sauro, ka tambayi ruwa, ka tambayi janareto in an ɗauke wuta, ka tambayi nisan asibiti.

Wasu na ji suna ambaton tsibiran Maldif. Can ma ƙasar Musulmi ce, amma tsarinta daban ne: yawancin manyan otal-otal kowanne tsibirinsa guda, ba gari ba kasuwa, kuma isa wurin sai da jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi da dare. Kuɗin wannan jigilar kaɗai yana iya fin na kwana. Akwai kuma tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, masu ƙananan masaukai da masallatai, inda ba a sayar da giya. Kowane tsibiri za ku je, ku lissafa kuɗin isa ƙofar masaukin tare da kuɗin ɗakin.

Sai maganar biya, wadda ta fi ba ni tsoro. Kada ku tura kuɗinku gaba ɗaya ga wanda ba ku sani ba don kawai ya sa hotuna masu kyau a Instagram ko ya yi muku daɗin baki a WhatsApp. Hoton gidan wani kowa yana iya ɗaukowa ya ce nasa ne. Ku nemi lambar masaukin ta wata hanya dabam, ku kira, ku ji muryar mutum. In kuna duba abin da waɗanda suka taɓa sauka suka rubuta, ku tsallake yabo ku karanta ƙorafi, musamman na kwanan nan, ku ga ko abu ɗaya ne mutane da yawa suke kuka da shi. Ku ce a rubuto muku jimillar kuɗi har da haraji, domin Zanzibar tana karɓar haraji a kan kowane baƙo kowane dare, kuma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa masu shiga sayen inshora ta dala 44. Biza kuwa tun daga gida ake nemanta, tana ɗaukar lokaci, ga katin rigakafin shawara da za a tambaye ku. Saboda haka kada ku biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar ta fito. Da kun tsayar da wuri, ku rubuta sunansa da lambarsa ku bar wa wani babba a gida.

In kun sauka, ku tuna sunan garinku ya riga ku shiga ɗakin. Mutanen Zanzibar sun daɗe suna roƙon baƙi su suturta jikinsu a cikin gari, su kuma girmama watan azumi. Ku bai kamata a roƙe ku wannan ba. Ku gaida ma'aikata, ku biya abin da kuka lalata, kada ku ɗaga wa mai kawo muku abinci murya. Ku kun fito daga ƙasar da a shekarun nan mutanen ƙauyuka da yawa suka baro gidajensu saboda 'yan bindiga, suka sauka a hannun 'yan'uwa a Rabah da Gandi da Goronyo da Wurno, aka raba ɗaki da su, aka raba tuwo. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san nauyin da mai masauki yake ɗauka.

Daren ƙarshe kuma ku kwana kusa da inda za ku tashi. Filin jirgin Abeid Amani Karume yana gefen birni, tashar jirgin ruwan da ke zuwa Darussalam cikin kamar awa biyu tana cikin birnin, don haka ku baro bakin teku tun ana gobe, kada ku dogara da motar asuba. In kun iso Sakkwato rana ta yi sanyi, ku kwana a gidan ɗan'uwa, ku kama hanyar Wurno da Goronyo da hantsi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.