Kada A Tumɓuke Kututture

Malam manomi, in ɗanka ya komo daga laccar makaranta ya ce a bar kututturen gona, kada ka ce yaro ya cika surutu. A ƙasar Maraɗi aka soma wannan dabara cikin 1983, can suna ce da ita sassabin zamani.

Kututturen nan saiwarsa tana da rai. In ya yi toho, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi. Gawo ya fi amfani, gama da damina yakan kakkaɓe ganyensa, gero ya sami taki, ga kuma rana. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa.

Dashe kuwa sai da ban ruwa, ga ɓarnar awaki.