Yaɗuwar Ƙwayar Cutar Numfashi a Asibiti: Darasi daga Annobar MERS a Koriya ta Kudu

Gabatarwa

Wannan maƙala ta nazarci yadda ƙwayar cutar numfashi ke yaɗuwa tsakanin mutane a asibiti, inda ta kafa hujja da annobar MERS da ta ɓarke a Koriya ta Kudu a 2015.

Hanyoyin Yaɗuwa

Wani dattijo mai shekara 68 ne ya shiga da cutar ƙasar bayan dawowarsa daga Gabas ta Tsakiya. Sai da ya je wuraren shan magani huɗu kafin a gano cutar ranar 20 ga Mayu. Ƙwayar tana fita ne cikin feshin tari ko atishawa, na kusa ya shaƙa, ko ta sauka kan gado da kayan aiki, hannu ya kai ta hanci.

Abubuwa uku suka rura wutar annobar: jinkirin gano cutar, da cunkoson sashen gaggawa, da zaman dangi a ɗakin majinyata. A wani asibitin Seoul, majinyaci guda ya harbi mutum 82 cikin kwana uku. Jimilla, mutum 186 suka kamu, 38 suka rasu.

Kammalawa

Zaman jinya da zuwa dubiya ginshiƙai ne na zumuncin Bahaushe, don haka darasin ya shafe mu. Tambayar majinyaci inda ya fito, da killace shi da wuri, da taƙaita masu dubiya, da sanya takunkumi da wanke hannu, su ke katse hanzarin ƙwayar.