Belu Ba Cuta Ba Ne, Askar Ce Ke Jawo Cuta

Kullum maganar ɗaya ce. Jariri ya ƙi kama nono, ko yaro ya kwana biyu yana tari da amai, sai kaka ta leƙa bakinsa ta yanke hukunci: belu ne ya sauko, maza a kira wanzami kafin ya fashe ya shaƙe shi. Daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga Kusada zuwa Mawashi, da wuya ka sami gidan da bai san wannan zance ba. Wasu ma ba sa jiran ciwo. Ranar suna, da an gama aske gashin jariri, sai a haɗa da belu a cire, wai rigakafi.

Bari in faɗa ƙarara a matsayina na likitan kunne da hanci da maƙogwaro: belu ba ya fashewa, ba ya kawo gudawa, ba ya hana yaro ƙiba. Tsoka ce da Allah Ya rataya wa kowane ɗan Adam a ƙarshen ganɗa. In za ka haɗiye abu, ita da sashen ganɗa mai taushi ne ke ɗagawa su rufe hanyar hanci, don kada abinci ya bi ta can. Idan aska ta zarce ta ci ganɗar, sai ka ga nono na fitowa jariri ta hanci, in ya girma kuma yana magana da hanci. Belu yakan kumbura ya yi ja idan maƙogwaro ya kamu da ciwo, amma alama ce kawai, ciwon yana wani wuri.

Na san amsar: "Likita, ai mu ma an cire mana, ga mu da ranmu." Alhamdu lillahi. Sai dai waɗanda abin ya tafi da su ba sa nan balle su ba da nasu labarin. An ce kwana ya ƙare, an rufe maganar.

Babban abin da nake jin tsoro shi ne jini. Jariri mai nauyin kilo 3 duk jinin jikinsa bai wuce rabin ledar fiya wata ba. A makon farko kuma jininsa bai iya daskarewa sosai ba, saboda ƙarancin bitamin K, abin da ya sa ake yi wa jarirai allurarsa a asibiti da an haife su. Wanda aka haifa a ɗaki bai samu ba, kuma shi ne za a buɗe wa baki, a danne harshe da ɗan itace, a zura lanƙwasasshiyar aska a wurin da ba a iya ɗaurewa. Mafi muni, jinin ba lallai ya fito waje ba. Jaririn haɗiye shi yake yi. Mai jego na ganin yaro ya yi shiru tana murna ya samu barci, alhali ƙarewa yake. Sai dare ya yi a ga amai baƙi, kashi baƙi, tafin hannu ya yi fari fat, jiki ya saki. Lokacin nan ne ake neman mota, kuma lokacin nan ne ake neman wanda zai ba da jini. Likitocin da suka yi bincike a Yamai suka wallafa a 1994, da na asibitin koyarwa na Jos daga baya, duk sun lissafa zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta cikin abin da ke biyo bayan wannan yanka. Ga tatanas mai sarƙe muƙamuƙi, ga ciwon hanta da ƙanjamau da aska ɗaya ke iya ɗauka daga baki zuwa baki.

Akwai kuma ɓata lokaci. Tun ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Kano ya shigo har Katsina, ciwon wuyan yaro ya daina zama abin wasa. Zazzaɓi, wuya ya kumbura, wata fata-fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, numfashi na ƙara: wannan na buƙatar allurar karya dafin cutar da maganin ƙwayoyin cuta a ranar. Wanda ya tsaya cire belu ya ƙara wa yaro rauni, ya kuma shafa cutar a aska. Ko ciwon maƙogwaron da ake rainawa, wani nau'insa in ba a yi maganinsa ba yakan taɓa zuciya bayan shekaru.

Laifin bai tsaya kan wanzamai ba. Mace za ta yi ta zuwa awo wata da watanni, ba ma'aikacin da zai ce mata uffan game da belu. Ga makarantar koyon aikin lafiya a cikin Kankiya, amma a ƙauyen da ke kusa da ita maganar kaka ce ke aiki. Maigida kuwa ya sayi rago ya sayi goro, amma ya ce zancen wuyan ɗansa na mata ne.

Abin yi ba shi da yawa. Jaririn da ya ƙi nono, ko yaro mai ciwon wuya da zazzaɓi, a kai shi asibiti mafi kusa. A cika allurar rigakafi ta mako 6 da 10 da 14, ita ce ke tare mashaƙo da tatanas da ciwon hanta, kuma kyauta ce. Idan an riga an yanke, kada kunya ta sa a ɓoye wa likita, kada a cusa toka ko garin magani. Jini, zazzaɓi ko ƙin tsotso, a nufi Babban Asibitin Kankiya ko da tsakar dare ne. Wanda nono ko ruwa ke fito masa ta hanci, ko muryarsa ta dishe fiye da mako uku, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano.

Ina roƙon hakimai da dagatai da limamanmu na Kankiya da Kusada su zauna da sarakunan aska a kan wannan. Kai kuma maigida, ranar suna ka tsaya da kanka ka ce wa wanzami ya yi aski ya tsaya nan.