DARASI: ƘWAYAR CUTAR DA KE ƁUYA CIKIN SHINKAFAR DA TA KWANA



Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunyar walima da ta sadaka, da sauran abincin buɗa-baki da ake ajiyewa domin sahur. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa duk abincin da ya sha wuta ya kuɓuta daga cuta. Wannan zato ba koyaushe yake zama gaskiya ba.

Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus. Mazauninta ƙasa ne da ƙura, daga nan take maƙale wa shinkafa, gero, gari da kayan yaji tun suna ɗanye. Masu bincike biyu, Percy Frankland da matarsa Grace, su ne suka fara bayyana ta a Ingila a shekarar 1887. A 1950 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Steinar Hauge, ya nuna cewa tana gurɓata abinci.

Abin mamaki a halittarta shi ne, idan ta ji wuya sai ta lulluɓe kanta cikin wani ƙwanso mai tauri, ta kwanta kamar yadda gaiwa ke kwanciya cikin busasshen taɓo har damina ta zo. Tafasa ba ta cika kashe wannan ƙwanso ba. Idan aka sauke tukunya, abinci ya fara hucewa, sai ta farka ta shiga hayayyafa. Ɗumin da ta fi so bai wuce digiri 30 zuwa 35 ba, wato dai yanayin ɗakunanmu a mafi yawan watanni. A irin wannan ɗumi yawanta kan ninka cikin kimanin rabin awa. Babbar tukunya kuwa ta fi haɗari, domin tsakiyarta na daɗewa ba ta huce ba.

Ciwonta iri biyu ne. Na farko amai ne da tashin zuciya, awa 1 zuwa 5 bayan cin abinci, galibi shinkafa ko taliya. Na biyu zawo ne da murɗar ciki, bayan awa 8 zuwa 16, galibi daga miya, nama ko madara.

A nan ne ya kamata a saurara da kyau. Dafin da ke kawo amai, tun cikin abincin ƙwayar ke zuba shi, kuma yana jure zafin digiri 121 har minti 90. Ke nan ɗumame ba ya karya shi, komai ƙarfin wutar. Sau da yawa kuma ba wari, ba tsami, balle hanci ya yi gargaɗi.

Yawancin masu ciwon na warkewa cikin kwana guda. Amma a 2008, a Baljiyam, wani saurayi ɗan shekara 20 ya rasu bayan ya ci taliyar da ta kwana 5 a ɗaki, duk da ya ɗumama ta; dafin ya lalata masa hanta.

Saboda haka kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba. A lokacin bazara, awa 1. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a baza shi cikin faranti ya huce da sauri a sa firiji. Gidan da ba firiji, a dafa daidai ci, a rabar da saura nan take. Abin takaici ne a bar shinkafar biki ta kwana a rufe, sa'an nan da safe a juye ta cikin kwanon almajiri da sunan sadaka.

Wanda ciwon ya kama a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan jinjiri ne, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko kuwa amai ya ƙi tsayawa, ko idanu suka yi rawaya, a gaggauta kai shi asibiti.