Kare da Zafin Bazara a Ƙasar Batagarawa: Nazari a Taƙaice

Rubuce-rubucen Turawa kan kare karnuka daga zafi sun ta'allaƙa ne ga watannin Yuni zuwa Agusta. A Batagarawa, ƙaramar hukumar da ke kudu da birnin Katsina, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, waɗannan watanni damina ce. Lokacin haɗari shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ko ya zarce. Wannan maƙala ta dubi halin da kare ke shiga a wannan lokaci.

Kare ba ya gumi irin na ɗan Adam, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Haki ne hanyarsa ta fitar da zafi: ya zaro harshe, danshin baki ya ƙafe, jini ya huce. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya haura 41 ƙoda da ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. Ƙarshen bazara ya fi muni, domin iska ta ɗauki laima gabanin saukar ruwa, hakin kuma ba ya sanyaya jiki yadda ya kamata. Karen gadi da aka ɗaure ƙarƙashin rufin kwano ya fi karen farauta shiga haɗari, tunda ba shi da ikon bin inuwa ko tona ƙasa mai sanyi ya kwanta. Karnukan Turai masu yawan gashi kuwa, nasu ya fi tsanani.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin al'ada shi ne kamannin alamomi. Karen da zafi ya buge yakan yi dalala da tangaɗi, har ya faɗi yana shure-shure, jama'a kuma na iya yi masa hukuncin mahaukacin kare, su bi shi da jifa. Tsoron yana da hujja, domin cutar haukan kare tana kisa. Amma idan mai karen ya san dabbarsa ta yini a rana, kuma an yi mata rigakafi, abin yi shi ne a kai ta inuwa, a kwarara mata ruwan randa a jiki, a yi mata fifita, sannan a nemi likitan dabbobi. Kada a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma, yana tsare zafi.

Ƙyamar kare ma takan hana shi ruwa, alhali a mazhabar Malikiyya da ake bi a Katsina kare mai rai ba najasa ba ne, kuma Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kaskon da ake ware wa kare a gidajen Hausawa ya wadatar, muddin yana inuwa kuma ba ya rabuwa da ruwa daga hantsi zuwa la'asar.