Amsoshin Tambayoyinku: Tarho Marar Igiya Mai Hanya Biyu

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana neman bayani a kan tarhon gida marar igiya, wanda aka ce yana kira ta intanet, yana kuma kira ta layin tarho na asali.

To Malam, Allah ya ƙara maka fahimta, hikimar wannan na'ura ba a cikin abin da ake karawa a kunne take ba, tana cikin mazaunin da ake ɗora shi ya yi caji, domin kuwa shi mazaunin kafa biyu gare shi, ɗaya ta karɓi wayar tarho, ɗaya ta karɓi wayar intanet, sa'an nan ya sadu da na hannun ta iskar rediyo, bisa ƙa'idar DECT wadda masana na Turai suka tsayar a 1992, mai kaiwa misalin mita 50 a cikin gida, har 300 a sarari. Kamfanin Gigaset na Jamus ya shahara da ƙera irinsa.

Fa'idarsa ita ce mutum ya kira ƙasar waje ta intanet da kuɗi ƙalilan, alhali tsohuwar lambarsa ta gida tana nan. Amma wajibi ne mu faɗa maka illarsa, wadda a ganinmu ita ce babba ga mutanenmu: tarhon dā mai igiya daga layi yake samun wutarsa, shi kuwa wannan, da zarar an ɗauke lantarki mazaunin ya mutu, hanyoyin biyu duka sun toshe, sai fa in an tanadar masa batir.