Allurar Insulin Don Gina Ƙwanji

Likita, ni matashi ne ɗan shekara 24, ina ɗaga ƙarfe, amma jikina ya ƙi cika yadda nake so. Wani abokin atisayena ya ce in riƙa yin allurar insulin bayan motsa jiki, wai ita manyan 'yan gasa ke yi, kuma ba komai tunda jiki ma yana samar da ita. Mahaifina yana da ciwon suga. Shin za ta iya jawo mini shi?

Daga wani matashi a Kano

Ƙanena, kada ka yi. Gaskiya ne jiki yana samar da insulin, amma yana sakin ta ne daidai da sugan da ke cikin jini, da ya sauka sai ya rage. Wadda aka zuba da allura kuwa ba ta da birki. Mai saurin aiki cikinta takan fara aiki cikin kusan minti 15, ta yi ta janye suga daga jini ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Da sugan ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji sai gumi da karkarwa da jiri. In ya ci gaba da faɗuwa sai ruɗewa, jijjiga da suma, domin da suga ƙwaƙwalwa take aiki. Wanda abin ya same shi cikin barci yana iya wucewa ba a sani ba. Wannan haɗarin yana nan tun allurar farko, kuma ya fi ciwon sugan da kake tsoro kusa.

Batun ciwon sugan ma ba wasa ba ne. Idan insulin ta daɗe da yawa a jini, ƙwayoyin jiki sukan rage jin kiranta, kamar gidan da aka dame shi da ƙwanƙwasa har aka daina buɗewa. Masu yin ta dole su riƙa ɗirkar zaƙi don kada su faɗi, ita kuma tana hana kitse narkewa, sai teɓa ta taru. 'Yan gasar da abokinka ke misali da su sukan haɗa ta da sinadarin girma, wanda shi kansa yana kangarar da jiki ga insulin. Kai da ciwon yake a gidanku, ka fi kowa dalilin gudun wannan hanya. Za a ce ai tsokarsu ta fito. To, akasarinsu har da sitiroyid suke haɗawa, kuma insulin ɗin da jikinka ke saki bayan ka ci wake da ƙwai ko nama ta ishi tsoka ta ginu. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta ma haramta ta ga ɗan wasan da ba shi da ciwon suga.

Ka je asibiti a auna maka suga da safe kafin ka karya, ka gaya wa likita tarihin mahaifinka. Abokin nan naka kuma ka nuna masa wannan amsa tun kafin ya yi wa kansa allura.